Tamani, Ƙima da Daraja: Sharhi a Kan Kimanta Sarewar Azurfa ta Gado

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1948 wani matashin mabushin sarewa, mutumin Faransa, mai suna Jean-Pierre Rampal (1922-2000), ya sayi wata tsohuwar sarewa ta zinariya daga hannun wani mai sayar da tsofaffin kaya wanda ya riga ya ƙudura niyyar narkar da ita ya sayar da zinariyar. Sarewar tana ɗauke da lamba 1375, an ƙera ta a birnin Paris a shekarar 1869, kuma ita kaɗai ce aka san maƙerin nan Louis Lot ya yi da zinariya. Rampal ya yi shekara goma yana busa ta a manyan zaurukan kiɗa, kafin ya adana ta ya koma ga wata da kamfanin Haynes na Amurka ya ƙera masa. Abin lura a nan shi ne, mutum biyu ne suka dubi abu guda, kowannensu ya yi masa kuɗi bisa ma'aunin da ya sani, kuma ba wanda za a ce ya yi ƙarya a cikinsu. Sai dai da ma'aunin na farko ya rinjaya, da sarewar ta ɓata har abada.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi sharhi a kan ma'aunan da dillalai da masu tara kayan tarihi da mabusa suke amfani da su wajen kimanta tsohuwar sarewar azurfa ta Turai wadda mutum ya gada. Ma'aunan huɗu ne: nauyin ƙarfe, da sunan maƙeri, da lafiyar busa, da kuma salsalar hannayen da sarewar ta bi. Za a yi ƙoƙarin nuna inda kowanne ya yi daidai da inda ya gaza, sannan a nuna cewa babbar matsalar magaji ita ce wasu daga cikin ma'aunan nan suna cin karo da juna, har gyaran da ke ɗaga ɗaya yakan rushe ɗayan.

2.0 Kalmomin Ma'auni

Kafin a shiga cikin zancen, ya kamata a tantance kalmomin da za a yi aiki da su, domin Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage waɗanda ake yawan musanya su kamar ma'anarsu ɗaya. Kalmar farashi an aro ta daga Ingilishi, tana nufin kuɗin da mai kaya ya yanka ko wanda kasuwa ta tsayar. Kalmomin tamani da ƙima da daraja kuwa daga Larabci suka shigo. Malaman fiƙihu sun bambanta biyun farko: tamani shi ne kuɗin da mai saye da mai sayarwa suka yi yarjejeniya a kansa, ko ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ƙima kuwa ita ce abin da masana kaya za su yanke cewa kayan ya cancanta ko da ba a yi ciniki ba. Daraja, wadda asalinta mataki ne na hawa, ita ce matsayin abu a idon jama'a, kuma ba dole ne ta koma kuɗi ba.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga batun gado. Abin da ba ya rabuwa, kamar sarewa ko doki ko takobi, idan magada suna da yawa, tilas ne a yi masa ƙima, sannan ko dai a sayar a raba kuɗin, ko ɗayansu ya riƙe ya biya sauran rabonsu. Idan aka ɗauki tayin dillali na farko aka mai da shi ƙima, an cuci magada. Idan kuma aka ɗauki darajar da iyali suke ba abin saboda ƙaunar mamaci aka mai da ita ƙima, an cuci wanda zai riƙe ya biya. Saboda haka kimantawa a nan magana ce ta haƙƙi.

3.0 Asalin Sarewar Azurfa

Sarewar da ake magana a kanta ba ta da daɗaɗɗen tarihi. Har farkon ƙarni na 19 da itace ake yin sarewar Turai, cikinta yana tsukewa daga sama zuwa ƙasa, ramukanta ƙanana ne, an kuma jera su daidai inda yatsun mutum za su iya kaiwa. Wanda ya sauya wannan tsari shi ne Theobald Boehm (1794-1881), mutumin birnin Munich na ƙasar Jamus, ɗan maƙerin zinariya wanda ya koyi sana'ar ubansa, kuma ya zama mabushi a fadar Bavariya. A shekarar 1831 ya ji busar Charles Nicholson a Landan, ƙarfin amonta ya ba shi mamaki, ya gane cewa manyan ramukan sarewar Nicholson na daga cikin dalilan haka. A 1832 ya fito da sabon tsarin maɓallai, a 1847 kuma ya fito da sarewar ƙarfe mai miƙaƙƙen ciki, mai manyan ramuka waɗanda aka huda inda lissafin sauti ya nuna, aka kuma sa maɓallai masu 'yan matasai su riƙa toshe su a madadin tsokar yatsa. Wannan ita ce sarewar da ake busawa a ƙungiyoyin kiɗan Turai har yau.

Boehm ya sayar da izinin ƙera ta ga kamfanin Rudall da Rose a Landan, da kuma Godfroy da surukinsa Louis Lot (1807-1896) a Paris. Lot ya buɗe maƙerarsa ta kansa a 1855. Da Louis Dorus ya zama malamin sarewa a Makarantar Koyon Kiɗa ta Paris a 1860, sai makarantar ta karɓi sarewar Boehm, Lot kuma ya zama mai samar mata da ita. Daga wannan makaranta ne manyan mabusa irin su Paul Taffanel (1844-1908) da almajiransa suka fito, ɗayansu kuma, Georges Barrère, ya koma New York a 1905. Ta haka salon busar Faransa da sarewarta ta azurfa suka kafu a Amurka, maƙeran Boston, wato William S. Haynes wanda kamfaninsa ya faro a 1888 da Verne Q. Powell wanda ya kafa nasa a 1927, suka ɗauki ƙirar Lot ta zama abin koyinsu. Ingila ce ta daɗe a kan sarewar itace, har wajen tsakiyar ƙarni na 20.

Wannan taƙaitaccen tarihi ya isa ya nuna cewa kalmar "tsohuwa" ba ta da wani nauyi ita kaɗai. Sarewar da ta shekara tamanin tana iya zama aikin hannun gwanin maƙeri, tana kuma iya zama ɗaya daga cikin dubban da masana'antu suka riƙa fitarwa domin 'yan makaranta.

4.0 Ma'auni na Farko: Nauyin Ƙarfe

Tambayar farko da magaji yakan yi ita ce, shin azurfa ce ta gaske? Tambayar tana bisa hanya, domin mafi yawan sarewar da ake gani fara fat an yi ta ne da wani haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya, sannan aka yi mata ruwan azurfa a sama. Turawa suna kiran wannan haɗi "azurfar Jamus" ko "azurfar nikel", alhali kuwa babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa. Sunan ya ruɗi magada da yawa. Akan gane irin wannan sarewa ta wuraren da yatsu suka goge, inda ruwan azurfar ya suɗe, ƙarfen ƙasa ya bayyana da wani launi dabam. Akwai kuma wadda gaɓar kanta kaɗai ce azurfa, sauran jikin da maɓallan duk ruwa ne.

Azurfa tsantsa tana da taushi, don haka akan gauraya ta da jan ƙarfe kaɗan. Ma'aunin Ingila kashi 925 ne cikin 1,000, ana kuma buga masa hatimin zaki. A Faransa, tun daga 1838, hatimin kan Minerva ne shaidar azurfa, kuma a ƙarni na 19 daraja ta ɗaya kashi 950 ce, ta biyu 800. Samun hatimi hujja ce mai ƙarfi, amma rashinsa ba ya yanke hukunci, domin ba kowace ƙasa ce ta wajabta shi ba.

To, ko da an tabbatar azurfa ce, me ma'aunin ya bayar? Alal misali, a ɗauka cewa bayan an cire sandunan baƙin ƙarfe da matasai da toshiyar kai, azurfar da ta rage giram 400 ce a ma'aunin 925. Tsantsarta giram 370 ke nan, wato kimanin oza 12, tun da ozar awon azurfa giram 31.1 ce. A watan Janairu na 1980, lokacin da 'yan'uwan nan Hunt na Texas suka yi ta sayen azurfa suna ɓoyewa har farashin oza ya kusa dala 50, wannan sarewa da ta tashi a kan dala 600 ko kusa da haka. A wannan lokaci mutane sun yi ta layi a Turai da Amurka suna sayar da kayan azurfar gidajensu ana narkarwa, kafin farashin ya faɗi warwas a watan Maris na shekarar. Kuɗin ya koma inda ya fito, kayan da aka narkar kuwa ba su dawo ba.

Amfanin wannan ma'auni ɗaya ne: yana nuna ƙasan da ƙima ba za ta gangara ta wuce ba. Laifinsa kuwa shi ne ya mai da aikin maƙeri banza, ya daidaita sarewar Lot da cokali mai nauyi ɗaya da ita.

4.1 Shin Ƙarfe ne Ke Ba da Amo?

Masu kare ma'aunin ƙarfe suna da wata hujja ta biyu wadda ta fi ta farko jan hankali. Sukan ce tsadar ƙarfe tana tafiya tare da daɗin amo: azurfa tana da haske, zinariya tana da ɗumi, filatinam yana da nauyi. Wannan imani ya yi ƙarfi har ya shiga cikin kiɗan kansa. A 1936 Edgard Varèse ya tsara wa Barrère wani kiɗa na sarewa ita kaɗai domin sabuwar sarewarsa ta filatinam, ya raɗa masa suna Density 21.5, wato nauyin filatinam, giram 21.5 a kowane murabba'in santimita mai zurfi.

Binciken kimiyya bai goyi bayan wannan imani ba. A sarewa, iskar da ke cikin bututu ita ce ke karkarwa ta ba da sauti, bango kuwa aikinsa shi ne ya tsare siffar iskar. A 1971 John Coltman, masanin kimiyya kuma mabushi, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da sarewa uku masu awo ɗaya, ta azurfa da ta jan ƙarfe da ta itace. Masu saurare sun kasa bambanta su yadda za a dogara da shi, haka ma mabusan da kansu idan ba su ga wadda ke bakinsu ba. A 2001 an sake irin wannan gwaji a Viyana da sarewa bakwai ƙirar kamfanin Muramatsu na Japan, daga mai ruwan azurfa har zuwa ta zinariya da ta filatinam, aka ga cewa bambancin da ke tsakanin mabushi da mabushi ya fi wanda ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe nesa ba kusa ba. Tarihi ma ya ba da tasa shaidar: Marcel Moyse (1889-1984), wanda ake lissafawa cikin manyan malaman sarewa na ƙarni na 20, ya daɗe yana busa sarewar Couesnon wadda ruwan azurfa kawai gare ta.

Duk da haka akwai gaskiyar da ke ɓoye cikin wannan kuskure. Maƙera sukan keɓe mafi kyawun aikinsu ga ƙarfe mai tsada, tun da wanda ya iya biyan kuɗin azurfa zai iya biyan ladan gwani. Saboda haka azurfa takan zama alamar cewa an yi aiki a tsanake, ko da yake ba ita ce ta haifar da daɗin ba. Mai kimantawa na gari zai ɗauki ƙarfe a matsayin manuniya, ya ci gaba da bincike.

5.0 Ma'auni na Biyu: Sunan Maƙeri

A kasuwar tsofaffin sarewa suna shi ne ya fi komai motsa farashi, kuma da dalili. A maƙerar Lot da hannu ake naɗe fallen azurfa a liƙe shi da sinadari ya zama bututu, kowane bakin rami a ƙera shi dabam a liƙa, bakin busa kuma a sassaƙe shi da hannu. Siffar wannan baki, da kaurin gefensa, da yadda gaɓar kai take tsukewa a ciki, su ne ainihin abubuwan da ke tsara amo, kuma a nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo.

Sai dai suna yana da nasa ruɗin. Lot ya bar aiki a 1876, amma maƙerar ta ci gaba da buga sunansa a ƙarƙashin waɗanda suka gaje ta: Villette daga 1876, Debonneetbeau daga 1882, Barat daga 1889, Chambille daga 1904, har zuwa tsakiyar ƙarni na 20. Ke nan sarewa da yawa masu ɗauke da sunan Lot an yi su ne bayan ya ajiye guduma, wasu ma bayan ya rasu. Lambar da aka buga a jikin sarewa ita ce ke nuna zamanin da ta fito, don haka masana sukan fara da ita. Sukan kuma duba ko lambar gaɓar kai ta yi daidai da ta jiki, domin a tsawon shekaru an sha haɗa kan wata da jikin wata.

Abin da ya kamata a soka a nan shi ne yadda kasuwa take mai da suna ya zama hukunci maimakon ya zama shaida. Cikin magadan maƙerar akwai waɗanda mabusa suke yaba aikinsu ƙwarai, kuma a Paris ta wancan zamani akwai wasu maƙera, irin su Bonneville da Rive, waɗanda aikinsu yake da kyau amma sunansu bai yi tashe kamar na Lot ba. Farashin da ke bin suna kaɗai yana auna shaharar maƙeri ne a tsakanin masu saye na yau, kuma shahara aba ce mai hawa da sauka. Magajin da aka ce masa sarewarsa "ba ta da suna" bai kamata ya ɗauka an ce ba ta da kyau ba.

6.0 Ma'auni na Uku: Lafiyar Busa

Sarewa kayan aiki ce, saboda haka dole a tambaya ko tana busuwa. Wani ɓangare na amsar mai sauƙi ne. Matasan maɓallai sukan bushe su riƙa yoyon iska, 'yan ƙarafan da ke mai da maɓalli sukan karye, sinadarin da ya riƙe bakin rami yakan saki. Duk waɗannan suna gyaruwa, sai dai ga sarewar 'yan makaranta kuɗin cikakken gyara yakan fi kuɗin sarewar kanta, kuma wannan ita ce gaskiya mai ɗaci da magada da yawa suke tararwa.

Ɗaya ɓangaren ya fi wuya, shi ne batun tsayin sauti. Ana auna tsayin sauti da yawan karkarwar iska a daƙiƙa guda, kuma makaɗan Turai suna daidaita kayansu a kan sauti guda da suke kira la. A 1859 gwamnatin Faransa ta tsayar da shi a kan 435. A Ingila kuwa ya kai wajen 452 kafin manyan ƙungiyoyin kiɗa na Landan su sauko da shi zuwa 439 a 1896. Taron da aka yi a Landan a 1939 ya amince da 440, ƙungiyoyi da yawa kuma a yau suna busa a kan 442. Tun da tsawon bututu da tazarar ramuka su ne ke tsayar da sauti, kowace sarewa an haife ta ne da ma'aunin zamaninta. Ta Ingila mai tsayin 452 ba ta shiga cikin ƙungiyar yau ko kaɗan, komai kyawunta.

Ta Faransa mai 435 ta fi kusa, kuma kusancin nan ne ya jawo mata wahala. Hanya mafi sauƙi ta ɗaga sautinta ita ce a yanke 'yan milimitoci daga gaɓar kai, haka kuwa aka yi wa da yawa daga cikinsu. Amma yankan ba ya ɗaga sautuka daidai wa daida: ramukan da ke kusa da baki sun fi tashi, na nesa sun fi jinkiri, sai sarewar ta daina jituwa da kanta. Wannan ne ya sa wasu mabusa da maƙera na Landan, musamman Albert Cooper (1924-2011) da William Bennett (1936-2022), suka sake lissafin mazaunin ramuka. Lissafin Cooper ya bazu a tsakanin maƙera a shekarun 1970. Bennett kuwa ya shahara da ɗaukar tsofaffin sarewar Lot, a ciccire bakunan ramukansu, a toshe gurabun da facin azurfa, a huda sababbi a inda sabon lissafi ya nuna.

A nan ne ma'aunai suka yi karo. Ga mabushi, sarewar da aka yi wa wannan aiki ta farfaɗo, ta koma fagen da aka ƙera ta dominsa. Ga mai tara kayan tarihi da mai nazarin kiɗan ƙarni na 19, an shafe wata shaida wadda ba ta da madadi, domin mazaunin ramuka shi ne rubutun da maƙeri ya bari game da yadda kunnen zamaninsa yake jin sauti. Kowane ɓangare yana da hujja. Sarewar da ba a busawa ta rasa dalilin samuwarta, wadda aka sake wa ramuka kuma ba za a ƙara sanin yadda Taffanel ya ji irinta ba. Abin da ya raba gardamar, a fahimtar wannan maƙala, shi ne cewa ɗaya hanyar tana da komowa, ɗayar ba ta da ita. Sarewar da aka bari yadda take ana iya gyara ta gobe, wadda aka huda kuwa ba ta komawa jiya. Bugu da ƙari, a zamanin da aka fara irin wannan gyara sababbin sarewa masu daidaitaccen sauti ba su wadata ba, yau kuwa sun wadata, waɗanda ba a taɓa ba daga cikin tsofaffin kuma kullum raguwa suke yi. Uzurin da na farko suke da shi ya yi rauni ga na baya.

7.0 Ma'auni na Huɗu: Salsala

Akwai ƙimar da ba ta cikin ƙarfe, ba ta kuma cikin amo. Kamfanin Powell ya ƙera wata sarewar filatinam domin bajekolin duniya na New York na 1939. William Kincaid (1895-1967), babban mabushin ƙungiyar kiɗa ta Philadelphia, shi ya mallake ta, ya kuma bar wa almajirarsa Elaine Shaffer ita. A 1986 aka yi gwanjonta a gidan Christie's, ta tashi a kan dala 187,000. Kuɗin filatinam ɗin da ke jikinta bai kai ko kusa da haka ba. Masu tayi sun biya kuɗin hannayen da ta bi ne. Haka nan sarewar gilashi da Claude Laurent ya yi wa shugaban Amurka James Madison a 1813, wadda ke cikin tarin sarewa kusan 1,700 da Dayton C. Miller ya bar wa Laburaren Majalisar Dokokin Amurka a 1941. Da mawaƙiya Lizzo ta busa ta a bainar jama'a a watan Satumba na 2022, muhawarar da ta tashi ba ta shafi amonta ba, ta shafi wanda ya cancanci ya kai ta bakinsa.

Mai karatun da ya san fada ba zai yi mamakin wannan ba. Tarihin Kano ya danganta fara busa kakaki ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), kuma ba wanda ya taɓa tunanin auna darajar kakakin sarki da nauyin ƙarfensa. Darajarsa tana ga wanda ake busa wa da gidan da ya gaji busawar.

Sai dai kasuwa ba ta karɓar salsala da baki. Tana neman rasiɗin saye, ko wasiƙa, ko hoton mamaci riƙe da sarewar, ko shafin littafin maƙeri inda aka rubuta lambar da sunan wanda ya fara saye. Kuma salsalar da take biya ita ce ta wanda duniya ta sani. Cewa mahaifin mutum ya busa sarewar shekara arba'in a ƙungiyar kiɗan garinsu daraja ce ta gaske, amma a cikin gida take, ba ta bin sarewar zuwa wurin gwanjo. Gazawar wannan ma'auni ke nan: yana ganin tarihin mashahurai, ya makance ga na sauran mutane.

8.0 Abin da Ya Rage ga Magaji

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da wasu ƙa'idoji. Ta farko, kada a taɓa kafin a sani. Baƙin da azurfa take yi saboda ƙibiritun da ke cikin iska a fata kawai yake, ba ya cin ƙarfe, amma man gogewa mai kaushi yana suɗe rubutun maƙeri, ya shiga cikin mahaɗan maɓallai, ya ɓata matasai. Magada da yawa, garin neman gira sun rasa ido. Ta biyu, a adana akwatin sarewar da duk takardar da aka samu tare da ita, a kuma rubuta abin da dattawan gida suka sani game da ita tun suna raye. Ta uku, a nemi ƙima daga wanda ya ƙware a kan sarewa, ba maƙerin kayan ado ba, kuma wanda ba shi ne zai saya ba, domin mai tayi ba ya zama alƙalin kayan da yake taya. Ta huɗu, a tambayi mai kimantawa wane adadi ya bayar. Kuɗin da za a kashe a sami irinta a kanti dabam yake da abin da za ta tashi a gwanjo bayan an cire la'ada, dukansu kuma dabam suke da abin da dillali zai bayar hannu da hannu domin ya gyara ya sayar da riba. Rigimar magada sau da yawa takan taso ne daga nan, wani yana riƙe da adadi na farko, wani yana riƙe da na uku, kowa yana zaton ɗan'uwansa ya ha'ince shi. Inda za a raba gado, adadin da ya fi kusa da adalci shi ne abin da zai shiga hannun magada in da an sayar a buɗaɗɗiyar kasuwa.

9.0 Kammalawa

An ga cewa nauyin ƙarfe yana nuna mafi ƙarancin ƙima, sunan maƙeri shaida ce mai bukatar tantancewa da lamba, lafiyar busa tana da fuska biyu masu hamayya da juna, salsala kuma sai da takarda kasuwa take ganinta. Babu ɗaya daga cikinsu da ya isa shi kaɗai, kuma ba a tara su kamar lissafi, tun da ɗaga wani yakan sauke wani. Mafi yawan sarewar gado, in an bi ta kan waɗannan ma'aunai, za a tarar ƙimarta kaɗan ce, kuma faɗin haka ga magaji ba raini ba ne ga mamacinsa, domin ƙima dabam, daraja dabam. Irin wannan sarewa, in ta gyaru, mafi alherin makomarta shi ne ta shiga hannun wani yaro mai koyo a cikin dangi. 'Yan kaɗan ɗin da suka fito daga hannun manyan maƙera kuma ba a taɓa su ba, magajinsu mai riƙon amana ne, ko ya sayar ko ya riƙe. Abin da ake nema gare shi shi ne ya jinkirta duk matakin da ba a iya warwarewa, wato narkarwa da yanka da sake huda, har sai wanda ya san abin ya duba. Jinkirin da ya ba Rampal damar isa wurin mai tsofaffin kaya kafin wuta shi ne ya ceci sarewa mai lamba 1375.